Yadda Na Kulle Bakin Layinmu a Bobiel

Shekarar da na bar aiki ita ce shekarar da muka bar unguwar Yantala ta Yamai. Na daɗe ina koyarwa a lakwal, wato makaranta, daga baya aka ɗauke ni zuwa wani biro, ofishin ilimi a unguwar Plateau, inda na ƙarasa sauran shekaruna ina duba takardun malamai. Duk tsawon lokacin nan a gidan haya muke. Filin unguwar Bobiel kuwa na saye shi tun ana yi mini dariya, ana cewa na sayi gona. Na gina shi a hankali, bulo bisa bulo, har ranar da muka loda kaya muka tare, ni da mai ɗakina kaɗai, don yara duk sun kama gabansu.

Gidan ya yi mana daɗi. Iska tana shiga ta ko'ina, ba hayaniyar motoci, da safe har kukan zabi kana ji daga bayan unguwa. Abu guda ne ya hana mu sakewa: ruwa. Famfo yana nan tsakar gida, sabo fil, amma ba shi da alkawari. Yau ya zo da hantsi, gobe bayan la'asar, jibi ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Wanda ya ga zuwansa ya cika randa da bido, wato jarka, wanda bai gani ba sai ya tsaya ƙofa yana jiran ƴan garuwa.

Maƙwabcina na hannun dama mai gyaran firji ne, Bazabarme haifaffen Yamai, ƙato mai dariya da ƙarfi. Hausarsa ta kasuwa ce, tana gudu ba birki, kuma ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba. Shi ya kawo shawarar, wata Juma'a muna dawowa daga masallaci.

"Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malamin lakwal a wajenmu, kuma sunan ya bi ni har bayan na ajiye alli, "mu buɗe gurup a salula. Wanda ya ga ruwa ya zo, ya faɗa, kowa ya ji. Kai za ka riƙe mana shi."

"Me ya sa ni?"

"Kai ne ba ka zuwa ko'ina."

Gaskiya ya faɗa, ko da yake ba ta yi mini daɗin ji ba. Na karɓa. Muka bi gida gida muka tattara lambobin waya, maza da mata, layinmu da rabin layin baya.

Makonni biyu na farko gurup ɗin ya tafi yadda nake son abu ya tafi. "Ruwa ya zo." "Mun gode." "Ya ɗauke." Shi ke nan. Ina duba salula in ga layi uku tsaf, kamar rajistar aji da aka cika da kyau.

Wanda ya fara ɓata tsarin shi ne wanda ya kawo shawarar. Lokacin kokowa ne, ana nunawa a tele kullum da yamma. Ya turo wokal, wato saƙon murya, ya ce ruwa ya zo, sannan bai tsaya nan ba. "Amma jama'a, kun ga abin da aka yi jiya? Wannan kaye ne? Gwiwa ba ta taɓa ƙasa ba, na rantse!" Kafin in gama saurare, mutum huɗu sun amsa. Biyu sun ce gwiwa ta taɓa, ɗaya ya ce alƙalin ne ba ya gani, ɗaya kuma ya ce duk laifin gwamnati ne, bai dai faɗi ta yaya ba.

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Aka yi kwana biyu ana gardama a kan ko fura tana son sukari. Aka yi ta kan huɗubar liman, wasu na cewa ta yi tsawo ga rana ta take, wasu na cewa mai zaman awa uku a fadar ƴan hira yana shan shayi ba shi da bakin cewa huɗuba ta yi tsawo. Aka yi ta kan tsadar albasa, da wani minista da ya yi jawabi da Faransanci zalla, da ko ya dace magidanci ya riƙa zuwa cefane da kansa. Akwai mai kantin magani a bakin hanya, mutumin Maraɗi, siriri mai tsabta, ya ɗan yi karatun addini. Shi ba ya barin magana ta wuce sai ya gyara mata zama. In an ce waƙar fim kaza ta yi daɗi, zai ce a ji tsoron Allah. In an ce a ji tsoron Allah, zai gyara yadda aka faɗi ayar.

Sai kuma Hajiya. Tsohuwa ce ƴar Adar, gidanta na ƙarshen layi, tana zaune da ɗanta direban babbar mota da matarsa. Ban san ta sosai ba a lokacin, gaisuwa ce kawai daga ƙofa. Amma muryarta na san ta fiye da ta kowa. Wokal ɗinta ba ya kasa minti biyar. Takan fara da sallama, ta gai da kowa da iyalinsa, ta yi wa matattu addu'a, sannan ta shiga fim. Akwai wani mai dogon zango da ake nunawa duk mako, kuma Hajiya ta san halin kowa a ciki kamar ita ta yi renonsu. "Yaron ga maƙaryaci ne," za ta ce. "Ku bar ganin shina kuka. Ni na hwaɗa muku, wata biyu ba su cika sai kun ga halinai." Abin mamaki, sau da yawa maganarta tana fitowa.

Ni duk wannan bai yi mini ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana cewa a yi shiru, a ɗaga hannu kafin a yi magana, ba ya sauyawa don an ba shi takardar hutu. Na zauna na rubuta dokoki biyar, da Hausa da Faransanci, na tura. Ta farko: wannan gurup na ruwa ne. Mutane suka amsa da ladabi. "Gaskiya ne, Mushe." "Allah ya saka." Mai kantin magani ya ce dokokin sun yi daidai da shari'a. Bayan awa ɗaya wata mata ta tambaya ko akwai wanda ya ga kayan da amaryar fim ta sa jiya.

Wata Talata na zauna tun safe ina jiran labarin ruwa, randunanmu duk sun yi ƙasa. Na ga wokal ɗin Hajiya ya shigo, na ga tsawonsa, na ajiye salula na ce ba da ni ba. Da azahar mai ɗakina ta dawo daga barka ta tarar da ni a kujera.

"Malam, ba ka tari ruwa ba?"

"Bai zo ba."

"Ya zo, har ya tafi. Hajiya ta faɗa."

Ta ɗauki salular ta kunna mini. Na saurari gaisuwa, na saurari addu'a, na saurari yadda uwar miji ta fim ba ta da kirki. Can a ƙarshe, bayan ta yi sallama, sai ta ce, "Af, na mance, ruwa ya zo tun ɗazu, ku tara." Mai ɗakina ta yi dariya har ta zauna a bakin randa. Ni ban yi ba.

Abin da ya ƙure ni ya faru cikin azumi. Wata rana da la'asar, lokacin da yunwa ke sa kowa gajeren haƙuri, mai kantin magani ya turo wokal cewa kallon fim da rana yana cinye ladan azumi. Mai gyaran firji ya amsa masa: "To Malam, wanda ya rufe kanti ya kwanta tun hantsi har la'asar fa, nasa ladan yana nan?" Kowa ya san wa ake nufi, aka yi ta turo dariya. Mai kantin magani ya ji zafi. Ya ce dama mutanen Yamai ba su san girman malamai ba. Mai gyaran firji ya ce waɗanda suka zo jiya da jaka ɗaya ba za su koya wa ƴan gari addini ba. Nan take maganar ta bar fim ta bar azumi. Aka shiga su wa suka fi daɗewa a mulki, su wa suka ci ƙasa, su wa suka riƙe kasuwa. Mutanen da ban taɓa jin muryarsu ba suka fito, kowa da tsohon ciwonsa.

 Na ga irin wannan magana tana raba malamai a lakwal har su daina cin abinci a kwano ɗaya. Na shiga cikin salula na nemo wurin da ake kullewa, na danna. Daga lokacin ba mai iya turo komai sai ni. Na rubuta: "An rufe gurup. Mai labarin ruwa ya turo mini ni kaɗai, zan sanar."

Shiru ya sauka. Na sha ruwa a ranar cikin natsuwa, ina jin na yi abin da ya kamata.

Washegari da safe saƙo na farko ya shigo mini, daga wata mai ɗinki a layin baya. Ta ce ruwa ya zo wajensu. Sannan ta ce, tunda dai Mushe mai ilimi ne, me yake gani game da matan da ke sa gashin kanti? Na sanar da ruwan, na ƙyale tambayar. Na biyu ya shigo daga wani tsohon ma'aikacin duwan, wato kwastan, shi ko ruwan bai ambata ba, ra'ayinsa ne kan sabon harajin kasuwa, minti bakwai. Kafin azahar na gane abin da na jawo wa kaina. Da ana zuba maganar a fili kowa ya ɗebi rabonsa, yanzu duk a kaina take sauka. Kuma dole in saurara har ƙarshe, don na riga na koyi inda ake ɓoye labarin ruwa.

A hanyar masallaci ma ban tsira ba. Wannan ya tare ni ya ce na yi daidai, amma yaushe za a buɗe? Wancan ya ce shi bai zagi kowa ba, me ya sa aka haɗa da shi? Mai ɗakina kuwa na lura ta daina ajiye salularta a gefen turmi in tana aiki. Da takan kunna muryoyin tana daka tana amsa musu ita kaɗai.

A rana ta huɗu matar ɗan Hajiya ta yi sallama a gidanmu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, Inna ta ce in ka samu sarari tana son ganinka."

Na je da hantsi. Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa bisa tabarma, ƴar ƙaramar tsohuwa, ta miƙe ƙafafu, ga carbi a hannu. A gabanta akwai kwanon sha na silba, salularta tana ciki. Daga baya na gane dabara ce, kwanon yana ƙara wa murya ƙarfi. Muka gaisa. Tana amsa mini tana kallon gefen kafaɗata, wajen da ba kowa. Na matsa kaɗan, idonta bai biyo ni ba. Na dubi surukarta, ta yi ƙasa da murya ta ce shekara shida ke nan Inna ba ta ganin komai sai haske da duhu.

"Na ji ki," in ji Hajiya. "Ido ne ya tahi, ba kunne ba. Mushe, kai ne ka kulle muna baki?"

"Ni ne, Hajiya. Magana ta ɓaci, na ji tsoron fitina."

"Wace hitina?"

"Ba ki ji abin da mutanen nan biyu suka faɗa wa juna ba?"

"Na jiya. Na kuma ji su da magariba, ranar nan, ƙohwar mai hirji. Tare sunka sha ruwa. Matarshi ta yi kopto na zogale, mai magani ya kawo dabino. Ina nan zaune ina jin dariyassu ta bisa katanga. Kai kana ina?"

Ina cikin gida, ina jin daɗin shirun da na samar. Ban faɗa mata haka ba.

"Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa," ta ce. "Ba a cire haƙori don wannan."

Sai na tambaye ta abin da ke cina tun da na zauna. "Hajiya, to fim ɗin da kike ba mu labari, yaya kike kallonsa?"

Ta yi dariya, ta nuna kunnenta. "Da wanga. Ɗiyar nan tana kallo, ni ina saurare. Ku da ke kallo huska ta ka ruɗinku. Ni murya nika ji, kuma murya ba ta iya ƙarya da daɗewa."

Sannan ta ba ni labarinta, ba tare da na tambaya ba. Ta zo Yamai tana yarinya da mijinta. Ta yi shekara arba'in tana sayar da albasa da busasshen tumatir a kasuwa. Ta ce a can ba ka neman labari, shi ke zuwa ya same ka. Kafin rana ta take ka ji wa ya haihu, wa aka tuɓe daga aiki, me malami ya ce a rediyo, kuma ka faɗi naka. Rabin maganar shirme ce, kowa ya sani, amma da ita ake wuni. Da ido ya tafi, ƙafa ta bi shi, sai ta koma wannan tabarma. Ɗanta yana hanya kullum, surukarta tana da aikin gida.

"Sai ga abin ga," ta ce, ta taɓa bakin kwanon. "Kasuwa ta biyo ni har gida. Ina jin mai hirji shina ihu, ina jin mai magani shina wa'azi, in ce tawa. Yanzu kwana huɗu ina taɓa shi, ba kowa. Ka tashe mini kasuwa, Mushe."

Ba ta faɗe shi da kuka ba, ba ta kuma roƙe ni ba. Ta faɗa ne kamar mai gaya wa yaro ya taka mata shanya. Na yi mata sallama, ta sa aka ba ni albasa uku manya in kai wa mai ɗakina.

A hanya na buɗe gurup ɗin, ina tsaye a inuwar wata katanga. Amma halin malami bai sake ni gaba ɗaya ba. Na buɗe na biyu, na ce wancan na hira ne, wannan na ruwa. Dabarar ta yi kwana uku. Mutane suka riƙa yin hirar a duka biyun, wasu ma suna turo wokal ɗaya sau biyu don kada wani ya rasa. Na share sabon, ban yi sanarwa ba, ba wanda ya tambaya.

Bayan sallah, wata rana da yamma, na zauna tare da mai ɗakina tana kallon fim ɗin nan nasu. Da niyyar gyangyaɗi na zauna. Sai aka nuno wani malamin lakwal, an sa masa wando ɗangalalle da tabarau a kan hanci, yana riƙe da bulala, yana rubuta kuskure a allo yara suna dariya. Raina ya ɓaci. Na fara faɗa, ina cewa kullum haka suke nuna mu, kamar ba malami ne ya koya wa mai rubuta fim ɗin riƙe alƙalami ba.

"Ni kake gaya wa?" in ji mai ɗakina. "Ga gurup can. Kowa ya faɗi nasa, kai kaɗai ne kake zaune kamar alƙali."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Sau shida ina ɗaukar wokal, biyar na share. Na farko ya yi kama da jawabin rufe shekara. Na uku na yi tari a tsakiya. Na shida na tura, ina jin kamar ranar da sufeto ya fara zama a bayan ajina.

Ba a yi minti biyu ba mai gyaran firji ya amsa, yana dariya tun kafin ya fara. "Mushe ya yi magana! Jama'a, Mushe ya yi magana! Amma Mushe, ka yi haƙuri, malamina na aji uku haka take, wandon ma irin shi ne. Har yau ga tabon bulala a bayana." Mai ɗinki ta ce nata malamin mutumin kirki ne, shi ya saya mata littafi. Tsohon ma'aikacin duwan ya ce laifin albashi ne. Mai kantin magani ya ce girmama malami wajibi ne, amma kallon fim ɗin tun farko shi ne kuskuren. Hajiya ta zo a ƙarshe. Ta ce ita ba ta taɓa shiga lakwal ba, don haka ba ta goyon bayan kowa, sai dai Mushe yana da murya mai kyau, da rediyo ya shiga da ya yi suna.

Ba wanda ya canza ra'ayi, ni ma ban canza ba. Amma na fito daga ɗaki ina murmushi, na ci tuwo fiye da yadda na saba.

Maganar idon Hajiya a gurup ta taso, kuma ita ta tayar da ita. Wani ya turo hoton rigar da wata mawaƙiya ta sa, ya ce Hajiya ta yanke hukunci. Ta amsa cewa a ba ta labarin rigar da baki, don ita fari ya rufe mata ido shekara da shekaru. Da yawa ba su sani ba. Aka yi ta jajantawa, sannan, kamar kullum, kowa ya zama lokotoro, wato likita. Wani ya ce zuma. Wata ta ce kada a yarda wuƙa ta taɓa ido. Mai kantin magani, wanda a ranar ya yi magana a kan abin da ya sani, ya ce ga alama yanar ido ce, ana cire ta a gidan likita, kuma aikin ba ya daɗewa. Hajiya ta ce ɗanta ya sha faɗa mata haka, ita ce ta ƙi, don ba ta ga dalilin da za ta kai idonta a yanka ba tana zaman lafiyarta.

Akwai wata mata a gurup ɗin da ba ta taɓa cewa uffan ba tun da aka buɗe shi. Ranar ta yi magana, a hankali. Ta ce an yi wa mahaifiyarta wannan aikin bara, yanzu da kanta take zura zare a allura. Iyakar abin da ta ce ke nan. Hajiya ta yi kwana biyu ba ta turo komai ba, abin da bai taɓa faruwa ba. A na uku ta ce za ta je, da sharaɗin Mushe ya raka ta, don in lokotoro ya juya harshe zuwa Faransanci a samu mai kama shi.

Ɗanta ya dawo daga tafiya ya shirya komai. Aka duba ta, aka sa rana bayan damina. Ranar aikin shi ya kai ta, ina tare da su, kuma lokotoron Hausa ya yi mata tsaf, ban yi aikin komai ba sai riƙe mata carbi. Ido ɗaya aka yi, aka rufe shi da auduga, aka ce a dawo washegari. Da asuba aka kira ɗan nata kan mota, don haka mai gyaran firji ya ce shi zai kai mu a tsohuwar motarsa, ni a gaba, Hajiya da surukarta a baya.

Da aka cire audugar ta daɗe tana ƙifta ido, hawaye yana zuba. Ta dubi hannunta, ta juya shi. Ta dubi surukarta ta ce, "Ashe kin yi ƙiba." Sannan ta juyo wajena ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi.

"Kai ne Mushe?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ashe ɗan ƙanƙane ne kai."

Mai gyaran firji ya fita waje don dariya.

An ba ta baƙin tabarau an ce ta kiyaye rana da ƙura, ta kuma tafi gida kai tsaye. Amma da muka hau hanya ta ce a bi da ita ta bakin kogi, ko daga cikin mota ne. Muka ratsa ta Yantala. Tana manne da gilashi tana tambaya: wannan dogon gini na wane ne, yaushe aka yi wannan hanya, ina bishiyoyin da ke nan? Mai gyaran firji yana amsa wanda ya sani, yana ƙirƙiro wanda bai sani ba. A bakin kogi ya tsaya. Ruwan ya cika ya yi ja, ga lambuna kore shar a gefe, ga wani mutum a tsaye cikin kwalekwale yana tura shi da gora. Hajiya ba ta ce komai ba. Ni ban taɓa jin ta yi shiru mai tsawon haka ba. Muka bar ta, har mai kwalekwalen ya ɓace bayan ciyawa.

"Mu tahi," ta ce.

Gaba kaɗan muka wuce wata mai tuyar kifi a bakin hanya. Hajiya ta ɗaga tabarau, ta leƙa, ta ce man nan ya kwana uku a kasko, daga nan ma tana ganin baƙinsa, kada wanda ya saya. Surukarta ta ce, "Inna, an ce kada ki cire tabarau." Ta mayar, tana gunaguni. Muka sayi kifin a wajen wata ta gaba, wadda man nata ya ci jarrabawa.

Mun iso Bobiel ana kiran azahar. Mata sun fito ƙofa ƙofa suna yi mata barka, tana amsawa, tana haɗa kowace fuska da muryarta, wasu ta canka daidai tun kafin su buɗe baki, wasu sai sun yi magana. A ƙofar gidanta ta tsaya. An yi wa ƙyauren fenti shekara biyu da suka wuce, ruwan hoda mai haske. Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wajen surukarta.

"Wa ya zaɓi launin ga?"